Boris ɗin Munzali da Shinkafar Inna

Ƙanena Munzali bai taɓa riƙe fartanya da zuciya ɗaya ba. Tun yana yaro a Argungu, in Baba ya tura shi gona, sai a iske shi a gindin kuka yana ƙera mota da karan dawa, yana kukan inji da baki har miyau na tsalle. Da ya girma ya zama direban haya tsakanin Argungu da Birnin Kebbi, kuma kowa ya shaida fasinjojinsa sun fi na duk tashar yawan salati. Daga baya ya koma jigilar albasa, Allah ya ɗan buɗa masa. Muka ce to, hankali ya zo, yanzu zai gyara ɗaki ya nemi aure. Sai ga shi ya dawo daga Kamba da wata jar mota mai ƙofa biyu, cikinta na neman shafar ƙasa.

Mahaifiyarmu, Inna Jannatu, ta zagaya ta, ta leƙa ciki, ta dubi ɗanta.

"Munzali, wagga mota ta ko kwaɗo? Ina za a aza buhu?"

Babu inda za a aza buhu. Ita kanta Inna sau ɗaya ta shiga, sai da aka kamo hannuwanta aka jawo ta waje, ta rantse ba ta ƙarawa. Ga kuma ciwon da motar ta zo da shi: boris ɗin ƙafar gaba ta dama ya mutu, wato ƙarfen nan mai 'yan ƙwallaye da taya ke juyawa a kansa. Da Munzali ya taka ta sai ta ɗauki wani kuka kamar injin niƙa da aka jefa wa dutse. Tun yana bayan gari awakinmu ke tsinke igiya.

A wannan shekarar hankalinmu ba a kan motarsa yake ba, yana kan gonar Inna. Baba ya rasu ya bar gonar shinkafa a fadama, ta wajen hanyar Gulma, Inna ta ce ba mai raba ta da ita. Tana sa 'yan ƙwadago su yi aikin ƙarfi, ita kuma ta yi gadi. To bara tsuntsaye jan-baki suka sauka suka cinye shinkafar tana ji tana gani, ta kwanta ciwon gwiwa da na baƙin ciki. Muka taru muka yanke: in an sake haka a noman ranin bana, ta bar noma ke nan, ta dawo wurina a Birnin Kebbi. Har na share mata ɗaki, na saka labule. Ta amsa ne kawai don ta gaji da surutunmu, amma na san in aka fitar da ita daga wannan gonar an gama da ita.

Ana haka wasu samarin Birnin Kebbi, irin waɗanda ba su san zafin nema ba, suka share wani fili a bayan gari, suka jera tsofaffin tayoyi, suka ce za a yi tseren motoci. Munzali ya ji kamar don shi aka halicci ranar. Ya shiga atisaye a hanyar ƙasar da ta zagaye fadama, da sassafe da kuma bayan la'asar, don da rana injin zafi yake yi. Kwanar da ta fi tsanani tana daidai gonar Inna, kuma in ya karya hagu nauyi ya koma kan mataccen boris, nan ne motar ke ƙure murya. Inna na zaune a rumfarta tana jan igiyar gwangwanaye, in ya zo wucewa sai ta jefe shi da hoge.

"Allah shi shirye ka! Mutum na gadi kana ta kurmanta shi!"

Shinkafa ta fitar da kai, jan-baki suka iso kamar yadda suka saba. Gonar Malam Riskuwa, maƙwabcinmu, da ke can ciki nesa da hanya, ta sha kashi. Ta Inna ko ƙwaya ba a taɓa ba. Ta ce gwangwanayenta ne da addu'a, har tana koya wa Malam Riskuwa yadda ake jan igiya.

Sai sabon boris ɗin da Munzali ya aika a sayo masa ya iso daga Legas, irin na tsere, mai jure zafi da kwana. Munzali ya yi yawo da shi a kwalinsa kamar an yi masa haihuwa, ba mai shayin da bai nuna wa ba. Ya kai wa Hodi bakanike, aka ɗaga mota a jak, aka kwance tsohon da gidansa, aka ɗaura sabo. Motar ta fito tana tafiya shiru, sai ɗan gurnanin inji. Unguwa ta yi hamdala, awaki suka samu lafiya.

Na je Argungu a ƙarshen makon, na bi Inna gona. Abin da na gani bai fita raina ba. Tsuntsaye sun rufe kan shinkafa, Inna na ɗingishi daga wannan kunya zuwa waccan, tana kaɗa mayafi, muryarta ta dishe har ba ta fita. Jar motar ta zo ta sha kwana lafiya lau, jan-baki suka ɗaga kai suka kalle ta, suka ci gaba da kalaci. Tausayinta ya kama ni, bakina kuma da ba ya iya shiru ya ce, "Inna, ɗaki dai na nan." Ko kallona ba ta yi ba.

Malam Riskuwa ne ya tare Munzali a zagaye na gaba, ya sa kai ta taga.

"Kai yaro, mi ka yi ma motagga? Tun randa tab bar kuka tsuntsaye sunka sauka nan. Da can ni ɗai su ka ci, yanzu sun raba mu biyu."

Munzali ya yi dariya, ya dubi gonar, dariyar ta tsaya. Tseren ranar Asabar mai zuwa ne, girbi kuwa da saura. Ya fito daga motar ya tsaya yana susar ƙeya. Inna ta zauna a bakin rumfa tana murza gwiwa, ta ce da 'yar muryar da ta rage mata, "Tahi tserenka. Ni ban roƙe ka komi ba."

Washegari ya je garejin Hodi ya ce a mayar masa da tsohon boris. Hodi ya ajiye sifana ya dube shi sama da ƙasa.

"Lahiyarka ƙalau? Ai na ba Dikko masunci, ya ɗaure ma tarunai don nauyi. Shina cikin gulbi."

Haka Munzali, zakaran tsere, ya naɗe wando ya bi Dikko cikin ruwa, suna jan taru yana ba da haƙuri. Dikko ya ƙi saki sai da aka musanya masa da tsohon ƙarfen birki. Boris ya fito da tsatsa da laka da ɗan ƙarnin kifi. Hodi ya ɗaura shi yana tsaki, ya gaya masa gaskiya: da wannan ba mai barinsa ya shiga fili, in ya matsa gudu taya za ta riga shi isa gida, kuma in aka sake kwance shi watsewa zai yi, ba zancen a cire ranar Asabar a mayar ranar Lahadi. Munzali ya ce ya ji. Hodi ya ɗauko giris zai shafa, Munzali ya riƙe masa hannu don kar kukan ya ragu.

Wankan gulbi ya ƙara wa boris ɗin murya. Da motar ta karya kwanar Inna a yammacin nan, jan-baki suka tashi gaba ɗaya, har na gonar Malam Riskuwa, wani jaki kuma ya yar da kaya.

Ranar Asabar ina Birnin Kebbi ina jin ihun 'yan kallo daga tsakar gidana. Ƙanena kuwa yana fadama yana zagaye, da hular tseren da ya saya a kansa, don ya ce ba za ta yi zaman banza ba. Wani ya ci tseren da motar da Munzali ke cewa ko da baya-baya zai wuce ta. Ya ji ciwon abin ƙwarai, na gani a idonsa, har yau ba ya son a ɗauko zancen. Amma safe da yamma bai fasa ba har aka sa lauje. Ana cikin yankan ƙarshe boris ya ƙame, motar ta tsaya cak a kwana, sai shanun Malam Riskuwa ne suka jawo ta gida, Munzali na ciki yana riƙe da sitiyari.

Da aka gama bugu aka jera buhuna a zaure, mata suka shigo yi wa Inna barka. Wata ta ce ai ta yi ƙoƙari, mace ɗaya ba mataimaki. Inna ta nuna Munzali da baki, yana tsugune a gefe yana kankare laka daga ƙasan motarsa.

"Wa yac ce ba ni da mataimaki? Duk cikin ɗiyana, shi ɗai na yag gaji ubanai noma."

Munzali bai ɗago ba, ya daɗe yana kankarar wuri ɗaya. Ni kuma da na koma Birnin Kebbi na cire labulen ɗakin nan, na ce masa ya zo ya zuba albasa.