Ranar da Baba Ya Shiga Kamun Hut

Wata Alhamis ce ta sanyi, a shekarar da muka baro Kano zuwa Makka, aka ɗora ni a bayan motar Ammu Idris tsakanin jarkokin ruwa da naɗaɗɗiyar laima. Ammu Idris maƙwabcinmu ne a unguwar Hindawiyya, direban tasi, haifaffen Makka, Hausarsa rabi Larabci ce. Shi ya matsa wa Baba ya ajiye littattafan jami'a mu je Shu'aiba mu kwana bakin ruwa. Muna fita gari ya daki sitiyari ya ce, "Ya Malam, yau hut ya cika bahar. Wallahi sai ka riƙe shi da hannunka."

Ni hut ɗaya na sani a duniya, wanda malamarmu ta Islamiyya ta ce ya haɗiye Annabi Yunus. Ban san cewa a bakin mutanen Hijaz kowane kifi hut ne ba, har wanda ake soyawa a bakin titin Mansur. Kuma ni tun ina ƙarama ba na tambaya, sai dai in ƙunshe abu a ciki yana cina.

Wurin wani lungun teku ne da ya shigo tudu ya kwanta shiru kamar tafki. Maza suka kafa laima, mu yara aka aike mu tsinto duwatsun danne gefenta saboda iska. Umma da matar Ammu suka kunna gas suka ɗora shayi, ana ta yi mana faɗa kada mu ɓarnatar da ruwan daɗi. 'Ya'yan Ammu suka bazama bin ƙaguwa suna toshe mata rami, ni kuwa idona na kan Baba yana soka jatan lande a ƙugiya. Na tuna maganar da Umma take yawan yi in ta idar da salla: "A ƙasar nan ba mu da kowa sai Allah sai Babanku." Na lallaɓa na binne takalmansa na roba a yashi, don na ji an ce ba a shiga ruwan sai da takalmi saboda kaifin duwatsu. Bai ko neme su ba, ya ari na babban ɗan Ammu.

Ruwan ba shi da zurfi a bakinsa, sai an yi tafiya mai nisa a ciki. Ina tsaye ruwa ya kai masa gwiwa, ya kai ƙugu, har Baba ya koma ɗan ɗigo fari. Aka kira ni cin shinkafa na ƙi. Na yi ta maimaita addu'ar Annabi Yunus a madadinsa, ina tunanin in an haɗiye shi ba shiri wataƙila ta kuɓuce masa. Duk inuwar da ta gifta a ruwan sai in ce ga hut nan. Na ji tsoro irin wanda ban ƙara ji ba, ina ta lissafin wa zai mayar da mu Kano.

Bayan la'asar Baba da Ammu suka fito. Ammu ya ɗaga wani kifi da bai fi tafin hannu ba ya ce, "Shufi ya binti, duba 'yata, ga hut ɗin Babanki." Sai na fashe da kuka, na fayyace musu komai, har batun takalmi. Kowa ya yi dariya har da riƙe ciki, ban da Baba. Ya tsuguna jiƙe sharkaf ya ce, "Ashe addu'arki ce ta riƙe ni." Ya sa aka gasa mini kifin ni kaɗai.

Yanzu ni ke kai 'ya'yana Shu'aiba, su hut suke cewa, kifi ne sai na fassara musu. Suna shiga ruwa ina zaune ina shan shayi, hankalina kwance. Baba kuwa ya rasu a kan dardumarsa a ɗakinmu na Hindawiyya, da hantsi, ina kicin ina dama masa kunu. Ban ji tsoron komai ba ranar, ban yi addu'ar komai ba. Na yi ta gadin ruwa, ashe ta tudu za a zo.