Funkaso a Ƙasan Akushi

Jikokina sun ce ciwon nan nawa yana da suna a Turance. Sun faɗa mini, na gwada, harshe ya ce shi bai yi karatun da zai ɗauki wannan kaya ba. A zamaninmu, a Kurfi, sunansa "yaron nan ba ya jin abinci". Ciki kamar tulu, ƙafafu kamar sillen kara, ga zawo da ba ya sallama kafin ya shigo. An ce mayu ne. An ce iska ce ta gindin tsamiya. Rubutun da na sha, da a ƙwaƙwalwa ya zauna, da yanzu ni ke ba da fatawa a ƙasar Katsina.

Sai da na yi gemu kawuna ya kai ni birni wajen wani likita Bature. Ya matsa nan, ya danna can, ya sa na lissafo duk abin da nake ci. Daga ƙarshe ya ce wa tafinta a gaya mini alkama ce ba ta shiri da hanjina. Kada in ci, kada in lasa, ko ludayin da ya taɓa ta kada ya shiga ƙwaryata.

Kawu ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

Ya ce, "Alkama? Yo ɗan nan, a gidan uban wa kake ganinta?"

Bai san ina gani ba. Gwaggona tana sayar da funkaso, kuma tun ina ƙarami duk wanda ya ƙone nawa ne. Ashe ƙaunar gwaggo ce ta kusa kai ni kushewa.

Na bar alkama, na koma ga dawa da gero, sai ga ni na yi kumatu. A gida babu wahala. Wahalar tana waje, don a ƙasarmu alkama ba abinci ba ce kawai, girmamawa ce. Ita ake shukawa a lambu da rani, a yi ta ban ruwa da jigo kamar ana renon ɗan sarki. Alkaki, taliya, funkaso, duk na baƙon da ake jin kunya ne. Ka ce ba ka ci, kamar ka ce ba ka son a gaishe ka.

Lokacin an ɗauke ni malamin yaƙi da jahilci, saboda na leƙa elemantare na fito da baƙi da wasali. Dattawa nake koya wa karatun boko bayan la'asar. Ranar kasuwar Dutsin-Ma kuwa sai in hau keke in tafi, kuma dole mutum ya ci abinci a can.

Na zagaya masu abinci kamar mai neman aure. Mai ƙosai tana soya funkaso a man da take ƙosan. Mai ɗanwake ta rantse babu garin alkama, ga shi nan fari fat a gefen zanenta. Mai shayi a tasha da wuƙar burodi yake juya kofi. Sai na faɗa rumfar wata tsohuwa mai tuwo, wadda kowa ke ce wa Inna. 'Yan dako da masu jakai ne mutanenta.

Na tsuguna na ce, "Inna, mi da mi kike sa wa miyar nan?"

Ta dube ni daga tsohuwar taguwata har faso.

"Kuka da daddawa mana. Ko a garinku da lalle ake yi?"

Na yi mata bayanin likita, da hanji, da ludayi. Ta ce, "Allah sarki. To, Allah shi kyauta." Ta yaɓa mini tuwon dawa a akushi, ta juya ga na bayana. Tana da funkaso a wani kwano rufe da faifai, na 'yan kasuwa masu rawani, amma ludayinsa daban, kuma ko kallon wajen ba ta taɓa yi ba in ina nan. Na ce a raina, ga mace mai fahimta. Na yi shekara da shekaru ina ci a rumfar nan, ko kumburi ban taɓa yi ba.

Sai aka aiko cewa mai duba azuzuwan yaƙi da jahilci zai zo Kurfi ya ga yadda nake koyarwa. Malamin da ya gamsar zai ci gaba, wanda bai gamsar ba a sallame shi. Na ce ba zan tsaya gaban babban mutum da taguwa ba. Na ba wani maɗinki a Dutsin-Ma ɗinkin babbar riga, shuɗiya, da aiki har ciki. Kamar kowane maɗinki na gari, bai gama ba sai ranar da baƙon zai zo. Na yi sammako na karɓo. Da mai hankali ne da ya naɗe ta a bayan keke. Ni kuwa nan take na zuba ta, na kafa jar dara, na nufi rumfar Inna ina gyara hannun riga ko da bai zame ba.

Inna ta miƙe tsaye. Ban taɓa sanin tsawonta ba sai ranar.

"Lale, lale da Malam! Kai, ku matsa mana, ba ku ga mutum ba?"

Ta kori masu jakai daga kan tabarma, ta kakkaɓe. Na ce, "Inna, kamar kullum dai, kin san lalurata."

"Na sani, ranka shi daɗe. Ai ni na san ka."

Akushin da ta kawo ban taɓa ganinsa ba, baƙi wul, yana ƙyalli. Miya har da tsoka. Na yi bismilla na duƙufa. Na ci rabi, na wuce rabi, sai yatsana ya taɓa wani abu mai laushi a ƙasa wanda ba tuwo ba. Na tono. Funkaso ne, ya jiƙe sharkaf, ya narke cikin miyar da na gama suɗewa.

"Inna! Mine ne wannan?"

Ta sunkuyo tana murmushi, ta rage murya. "Gyara ne. Na binne shi ƙasa don kada waɗannan matsiyatan su gani su sa maka ido."

"Ba na ce miki alkama cuta take mini ba?"

"Haba Malam, ai ya wuce. Wancan lokacin ba ka da hali. Na ga kana jin kunyar ka ce ba ka iya saye, shi ya sa ka ƙirƙiro likita, ni kuma na rufa maka asiri. Yanzu da Allah ya buɗa, wa za ka ɓoye wa?"

Wani ɗan dako ya ce, "In ba ka so, Malam, miƙo nan. Ni hanjina bai je makaranta ba."

Inna ta harare shi. "Ba a mayar da hannun kyauta baya. In ma da gaske ne, ture shi gefe mana ka ci sauran."

Na hau keke ina addu'a. Har wajen Birchi shiru, na fara cewa ko likitan ne ya cika baki. Ina wuce garin ciki ya yi wata ƙara, kamar ana jan turmi a daɓe. Sauran hanyar, babu wata sabara mai ɗan duhu da ban gaisa da ita ba. Kuma duk wanda ya ƙirƙiro babbar riga bai yi ta don mai gaggawa ba.

Na iso Kurfi na tarar da baƙo a kan kujera, dattawana a jere a ƙasa. Na ɗauki alli, gumi na zuba. Na rubuta baƙi ɗaya a allo, na juyo in ce su maimaita. Abin da na faɗa shi ne, "Ina zuwa."

Ina gudu na ji liman, wanda shi ne babban ɗalibina, yana cewa, "Ranka shi daɗe, haka yake yi. Ya tafi ɗauko wasalin ne."

Da na dawo babu baƙo. Ba a daɗe ba aka ba ni hutu, wanda har yau ban ga ƙarshensa ba.

Da na warware, na koma kasuwa cikin tsohuwar taguwata. Inna ta ɗaga ido, ta ga rigar ta tafi, ta ce, "Allah sarki, ashe aro ce." Ta yaɓa mini tuwo a fasasshen akushi, miya tsururu, babu tsoka, babu gyara. Ban taɓa cin abinci da kwanciyar hankali kamar ranar ba.

Tun daga nan, duk inda zan ci abinci a waje, sai in tuɓe babbar riga in cusa a jaka, in shiga in tsuguna cikin masu jakai. Har bayan na sauke farali ban bari mai abinci ta ji ana ce mini Alhaji. Jikokina in sun kai ni gidan abinci sai su tsare mai kawowa da tambayoyi kan alkama, shi kuma yana "babu, babu" yana kallon agogon hannunsu. Ni dai na ce su bar ni in shigo daga baya, da tsohon silifa. Ba a taɓa yin kuskuren ba matsiyaci alkama ba.