Ƙofofin Ɗaga-Hannu

Idan ka shigo layin ka ga manyan mutane da ƙulu a goshi, kada ka zaci dambe ake yi. Aikin kafinta ne, wanda ake kira Ɗaga-Hannu. Shi ya yi ƙofar kusan kowane gida a wurin, kuma duk tsayinsu ɗaya.

Allah bai ba shi tsawo ba, sai ya cike masa da taurin kai. Tun yana koyon aiki ya tsani tef ɗin awo, wai abin da ake naɗewa a cusa a aljihu ba zai faɗi gaskiya ba. Awonsa a jikinsa yake. Zai tsaya a bakin ɗaki, ƙafa a ƙasa, ya miƙa hannu sama, inda fensir ya taɓa nan ƙofa ta ƙare. In ka kawo ƙorafi ya ce, "Ni da na yi ta ban taɓa bugewa ba." Maƙwabcinsa Tela har ya haƙura da doguwar hula saboda shi.

Da aka tashi gina wa gari katafaren zauren wasa don a jawo ƙungiyar ƙwararrun 'yan ƙwallon kwando, rumfar Ɗaga-Hannu ce ta fara shan katafila. Ya kwaso teburin aiki da zarto da guduma ya jibge wa matarsa, Maman Biyu, a tsakar gida. Garin katako ya shiga miya, ya shiga gado, ya shiga kunnen yara.

"Malam, yau ƙusa na tsinta a shinkafa."

"Madalla. Ita nake nema tun safe."

"To ka ji da kyau. Ranar da aka buɗe zauren nan, ko teburinka ya bar gidan nan, ko ya shiga murhu. Na duba shi, busasshe ne, zai ci wuta."

Teburin kuwa ya gaje shi ne daga ubangidansa da ya koya masa aiki, ya girmi auren. Ɗaga-Hannu ya tasa ɗan kwangila gaba da naci, safe da yamma, har mutumin ya gaji ya ba shi aikin ƙofofin ɗakin da 'yan wasa za su riƙa sauya kaya. Ya kuma yi masa alkawari: in ƙungiya ta karɓi wurin, za a ba shi shago a cikin ginin.

Tela ya so ya taimaka. "Maƙwabci, mutanen nan fa dogaye ne, ba irin mu ba."

"Na gan su a wayarka. Babbansu bai kai yatsana ba."

Duk da haka ya yi wa baƙi kara. Ranar awo ya sa takalminsa mai tudu na zuwa biki.

Ranar duba gini, Ciyaman na kwamitin aikin ya riga kowa shiga ɗakin, ya tsaya a tsakiya yana gyara tumbi. Sai ga kocin ƙungiya da ɗan wasa guda, wani zanƙalele wanda in yana gaishe ka sai ka dafe hula. Saman ƙofa ya tsaya masa daidai ƙirji. Bawan Allah ya duba dama, ya duba hagu, ya naɗe kansa gida biyu, ya shigo kai a ƙasa, ya tsinci kansa gaban takalmin Ciyaman.

Ciyaman ya ji daɗi har kunne. "Kun ga tarbiyya ko? Tashi, ɗana, tashi. Ni a ofis ko masinja ba ya yi mini haka."

Koci bai ga tarbiyya ba. "Ranka ya daɗe, gadon bayan yaron nan shi ne jarinmu. In haka za su riƙa shiga, gara mu nemi wani garin."

Aka nemo Ɗaga-Hannu. Ɗan kwangila ya miƙa masa tef, ya ƙi karɓa. Aka kawo tsani, ya ce awon da ƙafa ba ta ƙasa ba awo ba ne, haka ubangidansa ya koya masa. Yana faɗa yana jin ƙamshin teburinsa a murhu, amma bakin ya ƙi lanƙwasuwa.

Zanƙalelen ne ya sunkuyo ya ce a hankali, "Baba, dole sai ƙafarka ce za ta kasance a ƙasa?"

Ɗaga-Hannu ya bi maganar ubangidansa daga farko har ƙarshe. "Bai faɗi ta wa ba."

Dogon ya sa hannu a hammatarsa ya ɗaga shi kamar jaririn da za a yi wa wasa. Takalmi mai tudu ɗaya ya faɗo. Ɗaga-Hannu ya zaro fensir daga bayan kunne, ya miƙa hannu ya ja layi a bango, fuskar nan a murtuke.

"Matsa hagu, yaro. Kuma ka daina numfashi, kana karkata mini aiki."

Aka fasa bango, aka yi sababbin ƙofofi, ƙungiya ta karɓi wuri. Tsohuwar ƙofar kuwa Ciyaman ya sa aka kafa masa a ofis, kuma an ce tun daga ranar ma'aikatansa suka yi ladabi.

Da aka zo rabon shaguna, masu uwa a kwamiti suka kwashe na kirki. Saura wani lungu a ƙarƙashin matakalar 'yan kallo, wanda duk wanda ya leƙa sai ya fito dafe da kai. Ɗaga-Hannu ya shiga ya tsaya cak, ya miƙa hannu, fensir ya taɓa rufi.

"Wannan injiniyan ya san aiki," in ji shi.

Maman Biyu da kanta ta kama ƙafar teburi ɗaya har can. Wajen fitowa ta bugi goshi, kuma har yau ba ta yi ƙorafi ba.