Baba Maitama, Mutumin da Ya Hana Mu Sanin Wa Ya Fi Naushi

Har zuwa bara, in ka bi ta bayan tashar jirgi a Funtua da hantsi, za ka tarar da wani dattijo zaune kan buhu, ya saƙala zare a babban yatsan ƙafarsa yana murzawa a cinya. Zaren ɗaurin hannun 'yan dambe ne, shi kuwa sunansa Baba Maitama. Shekara talatin da takwas ya yi yana wannan aiki. Da safe ya murza zare, ya wanke tsummokaran naɗe hannu ya shanya, bayan azahar ya rataya jakarsa ya nufi duk inda aka kafa fage, ko Ƙarfi, ko Malumfashi, ko Matazu. Makaɗa na wasa 'yan dambe, 'yan kallo na ihu, shi yana can baya a tsugune, ba mai tambayar sunansa.

Wata al'adarsa ce ta sa na fara sa masa ido. In ya gama ɗaure wa ɗan dambe hannu ba ya sallamarsa. Sai ya miƙe, ya gyara tsayuwa, ya buɗe tafin hannunsa na hagu ya ce, "Ɗanɗana mini." Ɗan damben ya kai masa naushi uku. A nan yake gane ko zaren ya kama, ko ya matse jijiya, ko akwai inda zai zame. Wato duk wani mai ji da naushi a wannan yanki namu, kafin ya taɓa abokin karawarsa sai ya fara taɓa Baba Maitama.

To ni mutum ne mai shegen son sani, matata ma cewa take tambaya ce za ta yi ajalina. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, tambaya ɗaya ce ta hana majalisarmu zaman lafiya: tsakanin Mati na Funtua da Sanda na Ƙarfi, wa ya fi naushi? Dukansu matsakaita nauyi ne, irin waɗanda in ka gamu da su a kasuwa ba za ka kauce musu ba. Amma Mati ya yi kisa bakwai a jere, wato ya kai mutum bakwai ƙasa, duk a turmin farko. Sanda kuwa da idona na ga ya naushi wani ƙato a kafaɗa, kafaɗa fa, ba fuska ba, mutumin ya zauna daɓas yana kalle-kalle.

Na tsare Baba na ce, "Kai da ka sha hannun kowa, raba mana gardama mana."

Ya ce, "Malam, ba iri ɗaya ba ne. Na Mati kamar an watsa maka tafasasshen ruwa, nan take za ka ji shi, amma a gwiwar hannu yake tsayawa. Na Sanda ba ka jin komai, sai ka zo alwalar magariba ka ga hannu ya ƙi ɗaguwa."

"To wanne ya fi?"

"Sai sun gamu."

Aka kuwa haɗa su a Malumfashi da kaka, bayan an gama ɗibar auduga. Tun kafin la'asar fage ya cika, wasu kan a-kori-kura, wasu kan rassan darbejiya. Dukansu biyun Baba suka kawo wa hannu. Ya ɗaure na Mati, ya ɗanɗana, ya sallame shi. Ya ɗaure na Sanda, ya buɗe tafi. Naushin farko na sauka, Baba ya ɓata fuska. Ya ce, "Ƙara." Na biyu na sauka ya cafke hannun, ya hau warware zaren. Ina kusa, na ji komai.

"Baba, lafiya?"

"Me ya sami hannun nan?"

"Ba komai."

"Haba ɗana, ni za ka yi wa ƙarya? Naushinka da tsakiya yake sauka. Yau da gefe ka kawo shi, kana ɓoye yatsa biyu."

Sanda ya sunkuyar da kai. Ashe kwana huɗu kafin nan wani sa ya matse masa hannu jikin amalanke wajen lodin masara, ya yi shiru da bakinsa. Ya ce, "Baba, ka rufa mini asiri, ka ƙara tamkewa kawai. Garinmu kaf suna nan."

Baba ya ce, "In ka sauke hannun nan a kan Mati da ƙarfinka, ka rabu da fartanya har abada. Ban ɗaurawa."

Bai tsaya nan ba. Ya je gaban Sarkin Dambe ya faɗa da ƙarfi, don kada wani mai ɗaurin ya karɓi aikin a bayan idonsa.

Wohoho! Wuri ya yamutse. Mutanen Ƙarfi suka ce ɗan Funtua ne, Matinsu yake karewa. Mu 'yan Funtua muka ce ya hana mu kallon da muka daɗe muna jira. Aka jefe shi da ɓawon rake. Ni kaina na ɗaga murya na ce masa tsohon banza, kuma har yau in na tuna kunya ta kan rufe ni. Kaka biyu ba ɗan Ƙarfi ko ɗaya da ya kawo masa hannu. Sanda ya shekara ba ya gaishe shi, ko da yake hoton asibiti ya nuna ƙashi biyu sun tsage. Kafin hannun ya warke Mati ya bar dambe, ya koma tuƙa Keke Napep a Kaduna. Ba su taɓa gamuwa ba.

Bana Baba ya ajiye jaka. Hannun hagun nan ya daina dunƙulewa, yatsun sun karkace, ko mazagin wando jikarsa Bushra ke zura masa. Makon jiya na je gaishe shi, na ba shi haƙurin da ya kamata in ba shi tuntuni, ya ce shi bai ma ji ba, hayaniya ta yi yawa. Sai halin ya motsa. Na ce, "Baba, yanzu ai ba mai jin haushi. Tsakaninka da Allah, da an yi damben nan, wa zai kashe wani?"

Ya dubi tafin hannunsa. Ya ce, "Malam, kana tsammani na sani na ɓoye? Wallahi ban sani ba. Duk cikinku ba wanda ya kai ni son ganin damben nan. Ku da ido kuke gardama, ni a jikina take. Lokacin da nake warware zaren nan, raina cewa yake, Maitama, bar shi mana, turmi ɗaya kawai, mu gani."

Ka ji fa. Ni da nake ganin ba wanda ya kai ni son sani.

Baba Maitama, kai ne wanda amsa ta zo har tafin hannunsa, ka mayar da ita don hannun ɗan wani. Kai ne aka zaga daga gabas da yamma rana ɗaya, ba ka rama ba, ba ka kuma sake ɗaurawa ba. Mun gode. Allah Ya saka da alheri, Ya ba hannun nan sauƙi. Ku kuma masu ɗaurin yanzu, da ke tamke zare ido na kan waya, ku buɗe tafi ku ɗanɗana. In kun ji abin da ba daidai ba ku warware, ko da fage duka zai zage ku.

Da zan tafi na tambaye shi yadda zai yi da gonarsa da wannan hannu, ga damina ta kawo kai. Ya nuna mini wasu buhunan iri a jingine a zaure. Ya ce Sanda ne ya kawo su daga Ƙarfi ranar Laraba, ya kuma ce kada kowa ya taɓa gonar, shi zai zo ya yi huɗa da kansa.