Kwali a Ka, Futa a Gwiwa

Bari in faɗa tun da wuri kada wani ya riga ni: wawan da ke cikin labarin nan ni ne. Tsofaffi sa'annina in za su ba da labarin abin kunya sukan ce wai wani abokinsu ne ya yi. To, ni ba ni da abokin da zan ɗora wa. Na manta abubuwa da yawa a zamana na Jidda, har sunayen jikokina nakan cakuɗa, amma ranar da na fara ɗaura futa ba za ta fita daga kaina ba sai ran da aka kai ni makwanci.

Ga wanda bai sani ba, futa zane ce. Mutanen nan ba sa son a faɗi haka, amma zane ce, ta maza, wadda Yamanawa da masunta da Hausawan da aka haifa a nan ke ɗaurawa su fita kasuwa da ita hankali kwance. Ni kuwa Bakano ne da ya zo umara ya maƙale, kuma a garinmu namiji ba ya yawo da zane sai in wanka zai shiga, ko kuwa an yi masa kaciya bai warke ba.

Na auri 'yar unguwar Mahjar, jikar alhazan da suka zo ƙasar nan da ƙafa. Ƙaninta shi ne shugaban leburori a wani babban sito a unguwar Khumra, inda ake ajiye kayan gilashi da na tangaran. Tunda ba ni da iƙama, wato takardar izinin zama, shi ya tsaya mini wajen Balaraben da ke da siton. A watana na farko na fasa kwalin faranti, sai maigidan ya kira mu mu biyu ya ce in aka sake, halas, kora ce, da ni da wanda ya kawo ni. Wannan magana ta zauna mini a rai, domin da aikin nan muke biyan haya, shi kuma da nasa yake riƙe da tsohuwarsu.

Duk da wannan alheri ban ƙyale shi ba, don ƙanin mata abokin wasa ne. Kullum da futa yake zuwa aiki, ni kuma na sa masa suna Hajiya.

"Hajiya, an tashi lafiya? Yau an manta ɗankwali a gida?"

Sai ya yi murmushi ya ce, "Ɗayyib, Bakano. Bari dai zafi ya shigo."

Zafi ya shigo. Wanda bai yi bazara a Jidda ba bai san gumi ba. A Kano rana ce ke dukanka, a nan kuwa iskar teku ce ke dafa ka cikin tufafinka. Wandona mai kauri ya fito mini da ƙuraje a inda ba a soshe su a gaban mutane. Na koma tafiya kamar wanda ya sauko daga raƙumi. Matata ta sayo hoda, ta jiƙo magani, duk a banza. Ranar nan ta gaji ta ce, "Alhaji, ka sa futa mana ka huta."

Na ce, "Ni? A ji a Kano na ɗaura zane?"

"Da me ka shigo ƙasar nan? Ba harami ka ɗauro ba?"

"Wannan ai ibada ce."

"To, susar ma ka ɗauke ta ibada."

Ran Juma'a da la'asar na sulale na tafi kasuwar Balad ni kaɗai, inda nake ganin ba wanda zai gane ni. Na shiga shagon wani dattijon Bayamane na ce futa nake so, mai sauƙin kuɗi, ta zuwa aiki. Ya jawo wata ta auduga mai gida-gida, launinta ya yi duhu kamar tsumman goge tebur. Ya kuma nuna mini sabon yayi, wadda aka ɗinke bakinta mutum ya shiga ciki kamar buhu, da faffaɗan bel mai aljihu da ake ɗaurawa a kai.

Ni kuwa da idon Bakano na zo. A wajenmu tufa in ba ta sheƙi ba ta cika tufa ba. Can ƙasan tari na hango wata shuɗiya tana ɗaukar ido kamar shadda ta sha bugu, kuma ta fi kowace araha. Dattijon ya girgiza kai. Ya murza ta a tsakanin yatsunsa ya nuna mini yadda take zamewa, ya ce wannan ta leda ce, alhazai ke saye su kai tsaraba. Na gane abin da yake faɗa sarai, karatuna bai yi nisa ba amma Larabcin kasuwa ina da shi. Sai dai na ce a raina, mai tsadar yake so ya tura mini. Ya miƙo bel, na ce ban zo sayen bel ba. Ya miƙe zai nuna mini yadda ake ɗaurawa, na ɗaga masa hannu. Tun ina goye a bayan uwata nake ganin ana ɗaura zane, yau wani Bayamane ne zai buɗe mini makaranta?

Washegari na tafi da ita a leda, na laɓe bayan kwalaye na tuɓe wando. Na ɗaura ta kamar yadda na ga uwata na yi: na zagaya da ita, na soke bakin a gefen hagu. Kuma tunda iska nake nema, ban bar komai a ƙarƙashi ba. Ƙanin matata ya tafi tashar jiragen ruwa ɗauko kaya, saboda haka ba wanda zai rama tsokana a kaina. Sauran leburori suka dube ni, suka dubi juna, kowa ya koma aikinsa.

Gaskiya ɗaya ce, safiyar nan na ji daɗi. Iska ta kai wuraren da rabon da ta ziyarta tun da na sauka daga jirgi. Har na fara tunanin ko Yamanawan nan suna da hankali.

Da hantsi maigidan ya shigo da mota, da mahaifiyarsa a kujerar baya, wata dattijuwa mai carbi. Biki za su yi, sun zo ɗaukar kofunan shayi na gilashi, masu bakin zinare. Ya nuna mini kwalin ya ce, "Yalla, ya Hajji. Shuwayya shuwayya," wato in bi a hankali. Sauran leburori a kafaɗa suke ɗaukar kaya. Ni a ka nake ɗauka, irin na Kano, kuma ina alfahari da hakan. Na ɗora kwali a ka, na tallafe shi da hannu biyu, na nufi motar da ke can ƙarshen fili.

Abin da ban lissafa ba shi ne, in mutum ya ɗaga hannuwa sama cikinsa shigewa yake yi. Ina tsakiyar fili na ji bakin futar ya zare daga inda na soke shi. Na kumbura ciki na riƙe numfashi. Ta tsaya. Na ɗan matsa gaba. To, mutum ba ya rayuwa babu numfashi, ina saki ta sulale zuwa ƙugu. Na ware ƙafafu na ci gaba kamar agwagwa. Ta sake zamewa, na tare ta da gwiwoyi, na ƙame a wurin. Rigata Allah ya yi mata albarka, tana iyakar ƙoƙarinta, amma ba doguwa ba ce.

In na sauke hannu ɗaya kwalin zai tafi, aikina ya bi shi, na ƙanin matata ma ya bi. In ban sauke ba, ga dattijuwa a mota. Na yi tunanin Kano da abin da za a ce. Sai na tuna Kano ba ta biya mini haya. Na ƙara damƙe kwali, na rufe ido, na fara karanto duk addu'ar da na haddace, har da ta shiga kasuwa.

Maigidan yana kira daga nesa, yana tambayar abin da ya same ni, "Esh fik, ya Hajji? Yalla."

Sai na ji hannu a ƙuguna ta baya. Ashe motar kaya ta dawo, ƙanin matata ya diro ya ga halin da ake ciki. Ya zagayo ya tsaya tsakanina da motar maigida, ya jawo futar sama, ya ninka ta dama da hagu a gaba, ya nannaɗe bakinta ƙasa kamar ana naɗe tabarma. Ya kwance bel ɗinsa ya ɗaura mini, tasa futar ko motsi ba ta yi ba. Yana ɗaurawa yana raɗa mini a kunne, "Hajiya, a tsaya cak, ana shirya amarya."

Na kai kwalin mota, ko kofi ɗaya bai tsage ba. Dattijuwar tana jan carbinta tana kallon wancan gefen. Har yau ban san abin da ta gani ba, ban kuma nemi sani ba.

Juma'ar da ta biyo muka koma Balad tare da shi. Dattijon Bayamanen ya jawo ta audugar nan mai kama da tsumma, ya ɗora bel a kai. Bambancin kuɗin bai taka kara ya karya ba. Na yi shekaru ina sa ta, ƙurajen suka tafi ba su dawo ba. Shuɗiyar kuwa matata ta yi labulen tagar kicin da ita, a nan ta yi kyau ƙwarai. Sunan Hajiya ya dawo kaina, ya bi ni har na bar siton, kuma ban taɓa cewa an zalunce ni ba.

Abin da na koya ba shi da yawa. Tufar da za ka yini a ciki ka murza ta a hannu kafin ka dubi sheƙinta, in ta zame a yatsunka za ta zame a ƙugunka. Kuma in ka tarar da mutane da wata irin sutura a garinsu, ka bari ka yi bazara ɗaya tare da su kafin ka buɗe baki.

Yanzu futocina sun cika akwati, nakan zauna da ɗaya a ƙofar gida da yamma ina shan shayi, raina fes. Kwanan baya daɗi ya kwashe ni, na ce wa matata duk Mahjar ba wanda ya kai ni iya ɗauri, ko su mata ya kamata su zo su ɗauki darasi. Ko ɗagowa ba ta yi ba daga shinkafar da take tsincewa.

"Alhaji, ni tun ina yarinya nake ɗaura zane, da goyo a baya da kaya a ka, ba a taɓa kiran ƙanina ya zo ya ɗaga mini ba."