Hannun Hagu a Tamale

Mun tashi da asuba daga Kumasi, ni da abokin aikina. Wani Dokta mai ɗakin bincike a Tamale ne ya kira ni. Manhajar da na rubuta suke amfani da ita wajen tuƙa wani ɗan hannun ƙarfe mai riƙe allurar gilashi, siririya fiye da gashi. Mutum yana murza maɓalli a wani akwati, allurar tana matsawa a hankali har ta taɓa ƙwayar jijiyar dodon koɗi, a ga wutar jikinta a kwamfuta. Ɗalibarsa ɗaya kullum sai ta karya allura. Ya ce in zo in duba: in ba laifin manhaja ba ne, to a ƙarshen mako zai sallame ta.

Hanya lafiya lau har Techiman, daga nan ramuka suka fara gaishe mu. A Kintampo muka ci soyayyiyar doya da yaji, tsadarta kamar daga Makka aka kawo ta. A gadar Buipe masu kifi suka yanyame motar, abokina ya saya, muka ƙarasa tafiyar muna wari.

Tamale garin babura ne. Hajiya da mayafinta a kan babur, goyo a baya, kwando a gaba, ta wuce ka fuu ko kallo ba ka ishe ta ba. Muka sauka gidan kawun abokina a Zogbeli, aka cika mu da tuwon zafi da naman zabo.

Da safe na binciki manhaja ciki da bai, ban ga aibu ba. Maimakon murna sai na ji ba daɗi, don na san kan wa abin zai faɗa. Ɗalibar ta zauna, Dokta na tsaye a kanta. Ta murza maɓallin da hannun dama, allura ta nitse ta karye. Dokta ya girgiza kai ya fita amsa waya.

Fitarsa ke da wuya ta ɗauko sabuwar allura, ta ɗura mata ruwan gishiri, ta ɗaura ta a mazauninta cikin ƙiftawar ido. Aikin da ni kaina sai na riƙe numfashi nake yi. Gaba ɗaya da hannun hagu ta yi shi.

Na ce, "Ƙanwata, ke bahaguwa ce?"

Ta ɓoye hannun a mayafi. "Masta, don Allah kar ka gaya Dokta. Shi babba ne. Yaya zan yi aiki da hagu a gabanshi? Tun ina ƙarami kakana ke bugun hannun nan."

A nan ko sisi ka miƙa wa babba da hagu sai ka nemi gafara, balle ka wuni kana aiki da shi a gabansa. Na lallashe ta har ta yarda in yi maganar. Na mayar da akwatin ɓangaren hagu, na juya saitin manhaja yadda murzawar za ta dace da hannun.

Dokta ya dawo, na faɗa masa. Ya juya ya dube ta, har na fara tunanin na jawo mata. Can ya ce, "Shi ke nan matsalan? Zauna ki yi, 'yata."

Ta ce, "Dokta, a gafarce ni da hagu," sannan ta kama maɓalli. Allura ta sauka sumul, ta taɓa ƙwayar ta tsaya. Layin da ke nuna wutar ƙwayar a kwamfuta ya fara tsalle. Ta sake yi, ta kuma sakewa, ba ta karya ko ɗaya ba. Dokta ya ce maganar sallama ta mutu, akwati kuma kada wanda ya matsar da shi.

A hanyar dawowa na yi barcin da ban samu ba a zuwa. Na koyi cewa kafin in tambayi me ya sami na'ura, in fara duban hannun da ke riƙe da ita. Da na isa gida mahaifiyata ta tambayi wane babban aiki ne ya kai ni har Tamale. Na ce akwati na je na matsar daga dama zuwa hagu. Ta ce, "Kuma biyanka suka yi?"