Ihun da Na Yi a Zauren Inna

Shekarun da na yi ina kabu-kabu, wato haya da babur, a garin Zinder, tramol ne yake tuƙa moton, ni ɗan rakiya ne kawai. Da safe in jefa shi da shayi a fadarmu, majalisar samari ta bakin tasha, in hau moto, daga nan ba rana, ba yunwa, ba rami. Na faɗi a gaban amalanke, na faɗi a cikin kwata, akwai ranar da na shiga rumfar mai tsire na fito ta baya da tsinke a aljihu. Ban taɓa karya ko ɗan yatsa ba. Sai da na daina sha, na zama mutumin kirki mai sallah a sahun gaba, sannan na faɗo daga tsanin gidanmu, tsanin da ko akuya ta faɗo daga kansa sai ta karkaɗe jiki ta ci gaba da kiwo.

Amma bari in koma baya kaɗan, don ku san abin da ke tsakanina da Inna, mahaifiyata.

Wata rana, tun ina cikin harkar, na goge a kan kwalta, gwiwata ta buɗe kamar an yanka kankana. Inna ta raka ni dispansar, ƙaramin asibitin unguwa. Majo, ma'aikacin jinyar wurin, ya ce allurar kashe zafi ta ƙare, na ce ya ɗinka haka. Yana ɗinki ina ba shi labarin ƙwallo. Mutanen da ke layi suna ta cewa ga namiji. Da muka fito sai Inna ta dube ni.

"Wanda aka ɗinka a ciki ba ɗana ba ne," ta ce. "Ɗana ko ƙaya ce ta soke shi sai unguwa ta ji. Wannan buhu ne."

Maganar ta daɗe tana cin raina kafin in yi wani abu a kai. Daga ƙarshe na durƙusa a gabanta na yi mata alkawari na bari. Farkon barin, jikina na rawa, hanci na zuba, ƙafafuna na tafiya su kaɗai a kan tabarma. Inna ce take dama mini kunu, take zama a ƙofar ɗaki da carbinta kamar jandarma. Har na fara dawowa mutum, na fara jin ɗanɗanon miya, wanda na manta akwai shi a duniya.

Cikin wannan hali damina ta ƙarato. A Birni, tsohuwar unguwar da gidanmu yake, kowa ya san aikin, a hau soro a yi yaɓe, a gyara indararo kafin ruwa ya shigo wa mutum gado. Na ce wa Inna ba za a kira magini ba, ga ɗanta sabo fil. Na hau da ƙwaryar laka a ka ina waƙa. Matakin tsanin gara ta riga ta cinye cikinsa, ta bar fatar don ta yaudare ni. Na taka, ya tafi, na bi shi. Na ji ƙas a ƙaurina na hagu, ƙwaryar kuma ta sauko daga baya ta kife a kaina.

Inna ta fito daga madafa. Na zaci za ta yi salati ta riƙe ni. Ta tsuguna, ta share lakar da ke fuskata, ta sa yatsu biyu ta buɗe idona tana leƙawa ciki. Ni kuwa lokacin ƙafar ba ta fara magana ba, ta yi sanyi kawai, har dariya nake yi saboda ƙwaryar. Ashe dariyar ce ta kashe ni.

"Kana dariya," ta ce.

"Inna, tsanin ne. Wallahi tsanin ne."

"To."

Ta miƙe ta koma ciki. Wannan "to" ɗin ya fi karayar zafi. A wurinta maganar ta ƙare, buhu ya dawo gida.

Maƙwabta suka ɗauke ni suka shimfiɗe a zaure. Ranar Alhamis ce, ranar kasuwa, aka ce akwai wani tsoho maɗori daga wajen garin Dogo da yake shigowa sayar da gyaɗa. Wanda ya tafi ɗauko shi a moto shi ne shugaban fadarmu, muna ce masa Shef. Abokina ne tun muna lakwal, makarantar boko, tare aka kore mu, kuma shi har lokacin bai daina jefa ƙwayarsa ba. Kafin su iso ƙafar ta farka. Ta kumbura ta zama turmi, kowane bugun zuciya sai in ji kamar maƙeri yana aiki a ciki.

Ga yadda ake ɗori a wajenmu, ga wanda Allah bai taɓa jarraba ba. Ƙarti huɗu za su danne ka, a cusa maka tsumma a baki, maɗori ya kama ƙafar ya ja har ƙashi ya koma mazauninsa. Mata suna cikin gida, zana ko bango ɗaya ne tsakani, kuma kunnensu duk yana zaure. Wanda ya cije bai yi ƙara ba, a yi ta ba da labarinsa. Wanda ya yi ihu kuwa, kafin azahar 'yan mata sun sa shi a waƙar gaɗa, kuma da wannan waƙar za a yi bikin jikokinsa.

Tsohon ya shigo, ɗan siriri, hannuwansa kamar saiwar kuka. Ya shafa ƙafar, ya aika a kawo karan dawa da tsohon zane. Yana feƙe karan, Shef ya matso kusa da kunnena kamar zai yi mini addu'a, ya danna mini wani abu a tafin hannu ya rufe yatsuna a kai.

"Ɗaya ce tak, mutumina. Ta magani ce, ba ta sha'awa ba."

"Na bari, Shef."

"Ka bari, mun sani, mun yi maka barka. Gobe ka sake bari. Yau mutuncin fada ne a hannunka. Ƙanwar matata tana cikin gidan nan, in ka yi kuka a gabanta ni ina zan sa fuskata?"

"A inda ka saba ajiye ta, bayan gilashi."

"Kana wasa. Tsohon nan raƙuma yake ɗorawa."

Ba zan yi muku ƙarya ba, ƙwayar nan ta yi mini magana, da muryar tsohuwar budurwa. Na san ɗacinta a harshe, na san bayan ɗan lokaci ƙafar za ta koma ta wani mutum a wani gari. Kuma wani abu a raina yana cewa, ai Inna ta riga ta yanke hukunci, ka sha ko kar ka sha ɗaya ne. Butar ruwa tana nan kusa da kaina, hannu kawai zan miƙa.

Tsohon ya ɗago ya dube ni.

"Ɗana, za ka sha ruwa kafin mu fara?"

"A'a, Baba. Fara."

"Ga tsumma, cije."

"Bar tsumman ma, Baba. Ina da aiki da bakina."

Suka hau kaina, Shef a kafaɗa, mahaucin unguwa a cinya, wasu biyu a sauran. Tsohon ya yi bisimilla ya ja.

Jama'a, na yi ihu. Ba irin na maza ba, wanda ake haɗawa da salati don a rufa asiri. Ihu na yi tsirara. Tantabarun unguwa suka tashi gaba ɗaya, duwatsun Birni suka dawo mini da muryata, wani mai kai kaya ya rantse mini daga baya cewa har a Gaffati, can wajen gari, jakuna sun tsinke igiya. Na kira Inna, na kira kakata da ta rasu tun ina goye, na zagi gara da zuriyarta. Mahauci ya ce ya kayar da shanu da yawa a rayuwarsa, bai ga mai baki irina ba. Shef ya sunkuyar da kai yana cewa shi ke nan, fada ta mutu.

Sai na ji ƙashin ya zauna. Tsohon ya jera karan dawa ya ɗaure da zane, ya tofa addu'a. Ina kwance ina haki, hawaye har cikin kunne, majina ba a magana.

Mace ba ta shigowa zaure in maza sun cika shi, balle tsohuwa mai kunya irin Inna. Sai ga ta ta ɗaga labule ta shigo, mayafi a karkace. Maza suka ja gefe. Ta tsaya a kaina tana kallona, bakinta yana rawa, na rasa kuka za ta yi ko me. Ashe dariya take dannewa.

"Rabona da wannan muryar tun ranar kaciyarka," ta ce.

"Inna, ƙafar ce ta karye, ba a tausaya mini?"

"Ragon banza. Duk unguwa ta ji ka."

Ta tsuguna ta kama hannuna na dama, wanda yake a dunƙule tun ɗazu. Ni na ma manta da shi. Ta ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ƙwayar tana nan, gumi ya jiƙa ta, matsa ta mayar da ita ƙullu. Ta duba, ta dubi Shef, wanda nan take ya gano akwai abin kallo a rufin zaure. Ta jawo butar nan ta wanke mini hannu tas, ta goge da bakin zanenta.

"Kai kuma," ta ce wa Shef, "je ka farmasi ka kawo masa farasitamol. Ka dawo ka ci tuwo, na ga ka rame."

Makonnin da suka biyo baya ba daɗi. Farasitamol a kan karaya kamar fifita ce a bakin tanda. Ƙafar tana ƙaiƙayi a ƙarƙashin karan, ba halin sosawa. Amma na samu magani na kaina, duk sanda ta motsa sai in buɗe baki in sanar da unguwa. Inna daga madafa sai ta amsa, "Ana ji." Masu dubiya suna zuwa da fura da lemo, suna fita da labari. Waƙar gaɗar ma ta fito, har baiti uku, kuma ba laifi, tana da daɗin rawa.

Ranar da aka kwance karan, na dogara sanda na taka har fada. Suna hango ni suka haɗa baki suka kwaikwayi ihun, har da masu wucewa. Na tsaya sai da suka gama, na ce ba haka ba ne, kun rage masa gishiri. Na jingina sandar, na cika ƙirji, na maimaita musu na asali. Mai shayi ya zubar da kofi.

Shef ya matsa mini wuri a kan benci, ya miƙo shayin farko, mai ɗaci. Na sha shi haka nan, ba rakiyar ƙwaya.